Shan Iskar Daji Ga Tsofaffi Masu Jinya: Abin Da Ya Tabbata, Da Abin Da Ya Rage Wa Mutumin Kaduna

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ko kakarsa ganin likitan hawan jini ya san yadda zaman ke ƙarewa. An ɗaura na'ura a dantse, an karanta lamba, an rubuta magani, sannan likita ya ɗago kai ya ce, "Baba, a rage gishiri, a rage tunani, a kuma riƙa ɗan tattaki." Baba ya ce, "To, likita, Allah ya yi albarka." Gishiri dai ana iya gaya wa mai girki. Tunani kuwa ba a sayar da maganinsa a kemis, tattaki kuma sai da wurin yinsa. Dattijon da ke Tudun Wada ko Rigasa, wanda da ya fito ƙofar gida kwata ce a hagunsa, keke napep da acaɓa a damansa, ina zai taka?

Japanawa sun daɗe da ba wannan tambaya amsa irin tasu. A 1982 hukumar kula da gandun dajin ƙasar, ƙarƙashin Tomohide Akiyama, ta fito da shirin shinrin-yoku, wato wankan iskar daji: mutum ya shiga cikin itatuwa ya taka a hankali, ya zauna, ya shaƙa, ya saurara, babu inda yake saurin kaiwa. A dajin Akasawa da ke lardin Nagano aka fara. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne, jama'arta kuwa sun cunkushe a birane suna aikin da har ajalin wasu yake zama, don haka hukumar ta nemi riba biyu, ma'aikaci ya huta, jama'a kuma su ga darajar daji su kare shi. Da farko kira ne kawai na hukuma, ba kimiyya ba. Sai daga 2004 aka zuba kuɗi a bincike sosai, har aka tantance dazuzzuka sama da 60 a matsayin wuraren jinya. Koriya ta Kudu ta yi wa abin doka a 2015.

Yau maganar ta iso wayoyinmu, kuma kowa ya san halin WhatsApp: labari kafin ya ratsa gida uku ya zama maganin sankara da suga da duk abin da ya gagari asibiti. Ni dai abin da na fahimta shi ne amfanin gaskiya ne, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma mafi yawansa ba sai an shiga daji ake samu ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi shafarmu, mu da dajinmu ya fi ƙarfinmu.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne wanda tawagar Farfesa Yoshifumi Miyazaki na Jami'ar Chiba ta wallafa a 2010. Yana da kyau a san yadda suka yi, domin a nan ƙarfinsa da rauninsa suke. Sun zaɓi dazuzzuka 24 a faɗin ƙasar. A kowane wuri sukan ɗauki kimanin mutum 12 su raba biyu, rabi su tafi daji, rabi su tafi tsakiyar birni, washegari a yi musanya. Kowa zai yi tafiyar kusan minti 15, ya kuma zauna a kujera yana kallon gabansa kusan minti 15. Ana ɗibar yawunsa a auna sinadarin kotisol, wanda ke hawa idan hankali ya tashi, ana auna bugun zuciya da hawan jini. Mutum 280 aka yi wa haka. A daji kotisol ya yi ƙasa da fiye da kashi 10 cikin 100 in an kwatanta da birni, zuciya ta lafa, jini kuma ya sauka da kusan kashi 2 cikin 100.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da numfashi da hanji ba tare da mun ba su umarni ba, ɓangare biyu ne. Ɗaya na tashin hankali ne: shi ke sa zuciya ta buga da sauri, hanyoyin jini su tsuke, hanta ta saki suga cikin jini, don mutum ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. Ɗayan na natsuwa ne, shi ke sassauta duk wannan. Na farkon aikinsa na ɗan lokaci ne, ya yi ya tsaya. Amma ƙarar motoci da injin niƙa, zafi, tunanin kuɗin haya da na makarantar jikoki, fanshon da bai fito ba, sukan bar shi a kunne kamar janaretan da aka hana hutu dare da rana. Ga saurayi wannan gajiya ce da barci zai wanke. Ga dattijon da hanyoyin jininsa sun riga sun yi tauri, ko wanda jikinsa ba ya sarrafa suga yadda ya kamata, ƙari ne a kan ciwo. Abin da zama cikin itatuwa ke yi, bisa wannan awo, shi ne ya rage wa ɓangaren farko wuta ya ba na biyun dama.

Sai dai waɗanda aka gwada samari ne 'yan jami'a, lafiyayyu, matsakaicin shekarunsu bai kai 22 ba. Su ba su ne matsalarmu ba. Gwajin da ya fi kusa da iyayenmu an yi shi ne a birnin Hangzhou na China, aka wallafa a 2012. An ɗauki tsofaffi 24 masu hawan jini, aka kai 12 wani daji a kan tsauni na mako guda, 12 suka yi makonsu a cikin birni, duka ana fita da su tattaki. 'Yan daji jininsu ya sauka, tare da wasu sinadaran da ke tsuke hanyoyin jini, 'yan birni kuwa kusan ba canji. Daga baya an sake irin wannan da masu raunin zuciya da masu ciwon huhu mai toshe numfashi, aka ga alamun kumburi a jininsu sun ragu. A 2017 wasu masana a Japan suka tattara gwaje-gwaje 20 da suka ƙunshi mutum 732, suka fitar da lamba guda: a daji, lambar sama ta hawan jini, wato babbar cikin lambobi biyun da na'ura ke nunawa, takan fi ta wajen daji ƙasa da kusan maki 3.

A tsaya a kan maki 3 ɗin nan, domin shi ne zuciyar maganar. Ƙwayar maganin hawan jini guda ɗaya, a adadin da aka saba bayarwa, takan sauke lambar sama da kusan maki 9 a matsakaici. Dattijon da jininsa ke 170, in daji ya mai da shi 167, yana nan a bakin haɗari. To a watsar ke nan? A'a. Wani babban nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya haɗa bayanan dubban ɗaruruwan marasa lafiya, ya nuna sauke maki 5 yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 10 cikin 100. Ashe maki 3 ba abin rainawa ba ne, musamman a Najeriya, ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin uku na manyanta ke da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Amma a nan gizo ke saƙa: wancan nazari yana magana ne kan saukar da ta ɗore shekaru, ba ta wuni guda ba. Fita yawo sau ɗaya a shekara, ranar bikin salla ko kirsimeti, daɗi ne kawai. Abin da zai taɓa lafiya shi ne wanda ake maimaitawa kullum, wanda ake maimaitawa kullum kuwa dole ya kasance kusa da gida.

Masu ciwon suga ma suna da nasu labarin da ake yawan kawowa. A 1998 likitocin Jami'ar Hokkaido suka bayar da rahoton marasa lafiya 87, matsakaicin shekarunsu 61, da ake kaiwa daji su yi tafiyar kilomita 3 ko 6 gwargwadon ƙarfinsu, sau tara cikin shekara shida. Sugansu yakan faɗo daga 179 zuwa 108 a matsakaici. Lambar tana da ban sha'awa, amma duk mai suga da ya taka kilomita 3 bayan karin kumallo, ko da a titin Ahmadu Bello ne, sugansa zai sauka, domin tsoka ce ke cinye shi. Ba a haɗa su da wani rukuni da ya yi tafiyar a cikin gari a wannan ranar ba, don haka ba a iya raba aikin ƙafa da aikin itace.

Wanda ya fi tashe, kuma ya fi jawo ƙarin gishiri, shi ne aikin Dokta Qing Li na Makarantar Likitanci ta Nippon da ke Tokyo. A 2005 ya kai maza 12 ma'aikatan kamfanoni wani daji a Nagano, wuni uku kwana biyu. Ya tarar ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira NK, masu farautar ƙwayoyin da cuta ta kama ko waɗanda suka fara rikiɗewa zuwa sankara, ƙarfin aikinsu ya ƙaru da kusan rabi. A gwajin da ya biyo baya ƙarin ya ɗore fiye da mako guda, yawon buɗe ido a birni kuwa bai kawo irinsa ba. Ya danganta haka da faitonsaid, sinadaran ƙamshi da itatuwa ke fitarwa don kare kansu daga ƙwari da ƙwayoyin cuta. Aiki ne mai kyau, amma ƙaruwar aikin wata ƙwaya a kwalbar gwaji daban, raguwar masu kamuwa da sankara daban. Tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa, binciken kuma bai yi ta ba.

Duk gwaje-gwajen nan suna da rauni guda da ba a iya kauce masa. Idan ana gwada ƙwayar magani, akan ba wasu ta gaske, wasu a ba su ta bogi, ba wanda ya san wadda ya haɗiya. Mutum kuwa ba a kai shi daji bai sani ba. Ga kuma hutu kansa. Ɗauki kowace tsohuwa daga Unguwar Sanusi, ka raba ta da rigimar gida mako guda, a dafa mata, ta yi barci isasshe, safe da yamma a riƙa ce mata "Inna, ya jiki?", jininta zai sauka ko ba ta ga bishiya ɗaya ba. Darajar gwajin Hangzhou ita ce ya yi ƙoƙarin daidaita wannan, amma mutum 24 ne, mako guda.

In aka warware abin da ke ƙunshe a tafiyar daji, za a tarar da motsa jiki, da shiru, da iskar da ba hayaƙi, da sanyi, da abokan tafiya, sannan ƙamshin itace. Ƙamshin ne kaɗai ke buƙatar itatuwa masu yawa a wuri guda, na Japan kuwa irin na ƙasashen sanyi ne, sugi da hinoki. A wajenmu abin da ya fi kusa da su shi ne itacen turare, wanda duk wanda ya taɓa murza ganyensa ya san ƙamshin. Sauran duka ana iya samunsu a cikin gari. Wani nazari da Jami'ar Exeter ta jagoranta a Ingila a 2019, kan mutum kusan 20,000, ya nuna masu yin aƙalla minti 120 a mako a wuri mai tsirrai, ko daji ko lambun shaƙatawa na cikin gari, sun fi sauran cewa suna jin lafiya da natsuwa. Ko a dunƙule aka yi mintunan ko a rarrabe duk ɗaya, kuma haka abin yake ga tsofaffi da masu doguwar jinya. Ana iya cewa ai mai lafiya ne dama ke iya fita. Shi ya sa abin da aka yi a birnin Louisville na Amurka ya fi gamsar da ni: maimakon a kai mutane wurin itatuwa, sai aka kawo itatuwa wurin mutane. An dasa manya da ƙanana sama da 8,000 a wasu unguwanni aka bar wasu, ana auna jinin mazauna kafin da bayan dashen. A 2024 aka sanar cewa alamar kumburi a jini, wadda ke da alaƙa da ciwon zuciya, ta fi ƙasa da kashi 13 zuwa 20 cikin 100 a wurin waɗanda aka dasa wa.

Daji kam Allah ya ba Jihar Kaduna. Ga Kamuku a Birnin Gwari, gandun ƙasa tun 1999, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000. Ga Afaka a bakin gari ta hanyar filin jirgi, ga Nimbia da tsaunukan Kagoro a kudu. Amma ba wanda ya manta daren 11 ga Maris 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, wato su kansu masu koyon aikin daji. Sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya kawo sauƙi, kasuwar shanu ta buɗe, amma har yanzu ba ɗan kirkin da zai ɗauki mahaifinsa mai ciwon zuciya ya kai shi can ya ce ya rufe ido ya saurari tsuntsaye. Ko da ba abin da ya faru, tsoron kansa ya isa ya rushe amfanin, domin ɓangaren jijiyar da ake son kwantarwa shi ne tsoro ke tayarwa. Bajapane yana samun natsuwa a dajinsa ne saboda akwai hanyar ƙafa da aka gyara, akwai benci, ba ya kuma waiwaye.

Akwai kuma abin da binciken ƙasashen sanyi bai fi mai da hankali a kai ba, alhali a wurinmu shi ne kan gaba: zafi. Ɗauki ɗakin kwano marar silin a ƙarshen Maris, ƙarfe biyu na rana, an ɗauke wuta, fanka a tsaye. Bango ya sha rana tun hantsi, zai kuma riƙa amayo ta har tsakar dare. Tsohon da ke kwance a ciki ba ya gumi kamar jikansa, ƙishirwa ma ba ta yi masa gargaɗi da wuri. Zuciyarsa dole ta ƙara aiki ta tura jini zuwa fata don jiki ya huce. In yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ruwan jikinsa na ƙara zuba, ƙodarsa na shan wahala. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai 48.5 a ma'aunin salshiyos a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, da yawansu 'yan sama da shekara 60. Kaduna ba ta kai Mali zafi ba, amma bazararmu ma ba wasa ba ce. Bishiya tana aiki biyu a nan: tana tare rana kafin ta taɓa ƙasa da bango, ganyenta kuma na fitar da danshin da ke sanyaya iskar da ke kewaye. Mai shakka ya taɓa ƙasar gindin mangwaro da tafin hannu da azahar, ya je ya taɓa kwalta. Ga mai ciwon zuciya a Kakuri, awa uku a inuwa da rana tsaka sun fi duk wani ƙamshin itace muhimmanci.

Da ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Majalisar dattawa a gindin darbejiya bayan la'asar, da tabarma da buta da rediyo da goro, ta ƙunshi rabin abin da Japanawa ke biyan kuɗi su samu: inuwa, iska, da mutanen da za su lura in yau wane bai fito ba, su aika yaro ya dubo. Kaɗaici ciwo ne mai zaman kansa ga tsofaffi, kuma majalisa maganinsa ce. Abin da ta rasa shi ne motsi. Ana zuwa a zauna a miƙe ƙafa har magariba, sau da yawa a bakin titin da hayaƙin motoci ke kwarara, ga shayi mai suga cokali uku. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba tsofaffi shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, tare da atisayen da ke ƙarfafa tsayuwa don gudun faɗuwa. Wanda ke takawa masallaci sau biyar a rana ya riga ya rage hanya. In ya zaɓi layin da ke da itatuwa, ko da ya fi nisa kaɗan, ya ƙara minti 20, to ya kusa cika ma'aunin biyu, na motsa jiki da na minti 120 a wuri mai tsirrai, a lokaci guda.

Wannan duk maganar maza ce. Tsofaffin mata, waɗanda su ma hawan jini da suga da ciwon gwiwa ba su ƙyale su ba, ba su da majalisar ƙofar gida. Tasu bishiyar a tsakar gida take, mangwaro ko gwaiba ko durumi, inda ake shimfiɗa wa Hajiya Kaka tabarma tana tsince shinkafa tana sa ido kan jikoki. Wannan bishiyar ce ta fi saurin ɓacewa. An raba gado, an sare ta an gina ɗakuna biyu na haya, an malale sauran da siminti saboda taɓo da sharar ganye. Lissafin kuɗin haya daidai ne, amma ba a sa abin da tsohuwar ta rasa a ciki ba. Yanzu wuninta daga ɗaki sai baranda. Harabar islamiyya ko ta majami'a, inda mata ke haɗuwa ba tare da wani ya ɗaga gira ba, ita ce wurin da ya kamata a fara tunani.

Inuwa ma a Kaduna ba a raba ta daidai ba. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, unguwannin da suka tsara wa kansu da manyan ma'aikata su aka wadata da fili da itatuwa, har yau kuma wanda ya ratsa Unguwar Rimi ko Unguwar Sarki da rana ya shiga Rigasa zai ji bambancin a fatarsa. Masu na'urar sanyaya ɗaki su ne masu inuwa, masu kwano marar silin su ne a rana. Lambun Gamji da ke bakin Kogin Kaduna, inda tsohuwar gadar Lugga take, wuri ne da ya dace da irin wannan fita, amma ɗan fanshon da sai ya hau mota biyu kafin ya isa ba zai mai da shi na kullum ba.

Wanda zai fara fitar da tsohonsa, akwai abubuwan da ba a wasa da su. Mai ciwon suga kada ya fita da silifas ko ƙafa tsirara, domin jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ƙaya ta soke shi bai ji ba, daga nan gyambo ya fara. Takalmi rufaffe, in an dawo kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In yana allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke suga da ƙarfi, kada ya fita da yunwa, ya kuma riƙe dabino ko alewa a aljihu: rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri alamar suga ya faɗi ne. Mai shan maganin hawan jini ya tashi daga tabarma a hankali, ya ɗan tsaya kafin ya taka. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne, in yana tafe yana iya hira to daidai ne. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa ba abin daurewa ba ne, na asibiti ne nan take. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hunturu sanyin asuba na tsuke hanyoyin jini, ƙura da hayaƙin ƙona shara na tayar da asma, gara a jira hantsi. Da bazara, daga bayan asuba zuwa kafin rana ta yi ƙarfi, da gorar ruwa a hannu. Damina da kaka su ne mafi daɗi, sai dai a guji ciyawa mai duhu saboda maciji, a tashi kafin sauron magariba, in hadari ya haɗu kuma a bar gindin bishiya.

Ɗaya kuma, domin na san halinmu. Da an ce bishiya na da amfani, wani zai ji kamar an ce ya ajiye ƙwayarsa ya tafasa ganyen darbejiya. Duk binciken da aka ambata a sama kan zama da tafiya cikin itatuwa ne, ba kan shansu ba. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau yana yi masa ɓarna a ƙoda da ƙwaƙwalwa. In tattaki ya sauke lambar, a rubuta awon a littafi, likita ne zai ce a rage ko kada a rage.

Saura dashe. A wurinmu ya zama biki: a zo da kyamara a watan Yuli, babban baƙo ya riƙe shebur, a yayyafa ruwa, a watse. Abin da ke kashe dashe kuwa rani biyun farko ne, da awaki. Darbejiyar da aka kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, aka kuma riƙa ba ta bokiti daga Nuwamba zuwa Afrilu, cikin 'yan shekaru za a shimfiɗa tabarma a gindinta. Ruwan alwalar masallacin unguwa kaɗai, wanda yanzu ke gangarawa kwata, ya isa ya raya uku ko huɗu in an karkata shi. Harabar asibitocin sha-ka-tafi, inda tsofaffi ke jiran layi, da filayen makarantun firamare da ke zama wayam bayan an tashi, duk wurare ne da ba sai an sayi fili ba. Waɗannan jama'ar unguwa na iya yi da kansu. Na bakin titi ne ya fi wuya, domin bishiya tana hannun ma'aikatar muhalli, mai hawan jini yana hannun ma'aikatar lafiya, titin da za a faɗaɗa kuma na ma'aikatar ayyuka ne, a cikin ukun kuwa ta ƙarshen ce ke da katafila.